Ubuntu LTS da facin tsaro: abin da na gani a kan sabobina

Ina kula da wasu 'yan sabobi, wato kwamfutoci masu ɗauke da shafukan intanet da rumbun bayanai, duka a kan Ubuntu 22.04, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ta dangin Linux. Tana cikin sigogin LTS, wato masu dogon wa'adin kulawa, da kamfanin Canonical ke fitarwa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, tare da alkawarin kulawa ta shekara biyar. Wanda ya yi rajistar Ubuntu Pro, ƙarin hidimar kamfanin wadda kyauta ce ga mai amfani na ƙashin kansa har kwamfuta biyar, kulawar takan kai shekara goma. Ni abin da ke gabana faci ne, wato gyaran da ke toshe ɓarakar tsaro a manhaja: in aka gano ɓaraka, da wane sauri ake toshe ta, kuma me toshewar za ta wargaza min?

Ta wannan fuskar na gamsu. Ranar 1 ga Yulin 2024 masu bincike na kamfanin tsaro Qualys suka bayyana ɓarakar regreSSHion a cikin OpenSSH, wato ƙofar da muke bi mu shiga saba daga nesa. A ranar facin ya iso. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka yi shi. Masu OpenSSH sun gyara matsalar a siga ta 9.8, amma Ubuntu ba ta ja mu zuwa can ba. Ta ciro gyaran kaɗai ta ɗinka shi a jikin 8.9 da muke kai, kamar tela ya toshe yagewar riga ba tare da ya taɓa wuyanta ba. Saitina bai motsa ba, babu manhajar da ta daina aiki.

Sai dai wannan salo yakan jawo surutu. Manhajar binciken tsaro da ba ta da zurfi takan ga 8.9 kawai ta cika rahoto da ja. Sai ka zauna ka nuna wa mai shafi wutsiyar lambar, inda aka rubuta ubuntu0.10, kafin hankalinsa ya kwanta.

Amma fa regreSSHion ba ita ce irin ɓarakar da ke hana mu barci ba. Masu kirki ne suka gano ta, suka sanar da masu rarraba manhaja a asirce, aka shirya faci kafin a yi shela. Haka aka yi da ɓarakar PwnKit a Janairun 2022. Mai haɗarin ita ce wadda masu kutse suka riga kowa sani. Ɓarakar Dirty COW ta kwanta a cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar, tun 2007, ba a toshe ta ba sai Oktoban 2016, bayan an ga alamar ana kai hari da ita. A irin wannan tazara babu sigar da ke da faci, ko ta shekara biyar ko ta goma. Abin da ya rage maka shi ne katangar da ka gina tun da farko: rufe tashoshin da ba ka buƙata, barin AppArmor, mai yi wa manhajoji iyaka, a kunne, da hana kowace manhaja ikon da ya wuce aikinta.

Ashe tsufa ma yana da ranarsa. A Maris ɗin 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga saba ta SSH na jan jiki da kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono ƙofar baya da aka dasa da gangan a cikin xz, manhajar matse fayil, siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Ubuntu 22.04 na kan 5.2.5, don haka gubar ba ta taɓa iso ta ba. Masu rige-rigen sabuwar siga su ne suka kwana da zullumi.

Livepatch kuwa, wani tsari na Canonical, yana aikinsa shiru: yana liƙa wa kanel gyara alhali saba na gudana, ba sai an kashe an kunna ba. Kanel kaɗai yake taɓawa, kuma manyan ɓarakoki kaɗai, saboda haka ɗage ranar kashewa yake yi, dole dai ranar ta zo. Ga kuma abin da mutane da yawa ke mantawa: sauke faci daban, fara aikinsa daban. In aka gyara OpenSSL, wadda sauran manhajoji ke dogaro da ita wajen sirranta sadarwa, manhajar da ke gudana tana riƙe da tsohuwar sigar a ƙwaƙwalwarta har sai an sake tayar da ita. Shi ya sa ba na tsallake tambayar needrestart, mai nuna manhajojin da ke buƙatar a sake tayar da su, in ta fito.

Wanda zai hau Ubuntu LTS ya duba daga wane rumbu kayansa suke fitowa. Alkawarin shekara biyar na rumbun main ne, inda manhajojin da Canonical ke kula da su da kansa suke. Dubban manhajojin rumbun universe sai da Ubuntu Pro suke samun cikakkiyar kulawar kamfanin. Abin da kuma ka girka da hannunka ta wasu hanyoyin girke manhaja irin su pip ko npm, ko ka rufe a cikin akwatin Docker, apt, mai sauke wa Ubuntu faci, bai san da zamansa ba. Lokacin ɓarakar Log4Shell da aka gano a cikin manhajar Log4j a Disambar 2021, Log4j ɗin da ya fi wahalar da mutane shi ne wanda ke naɗe a cikin fayilolin jar na manhajojinsu, sai da kowa ya bi su ɗaya bayan ɗaya.