Na'urar hangen taurari: mai gilashi ko mai madubi?

Masu sha'awar kallon sama da suka haɗa kuɗi suka gina ɗakin hangen taurari, gardamarsu ta farko ita ce wace na'ura za su saya.

Mai gilashi, irin wadda masanin Italiya Galileo ya yi amfani da ita a 1609, ba ta da wahalar kulawa. Bututunta a rufe yake, ƙura ba ta shiga, ramukan Wata da zoben duniyar Zuhal (Saturn) suna fitowa tas. Sai dai tana da tsada, mai arha kuma kan sa shuɗi-shuɗi a gefen abu mai haske.

Mai madubi, irin wadda masanin Ingila Isaac Newton ya ƙera a 1668, ita nake ganin ta fi dacewa da ƙungiya. Madubi mai faɗin santimita 20 yana tara haske ninki huɗu na gilashin santimita 10, don haka gungun taurarin da suka dusashe sai su bayyana. Amma fa sai an riƙa daidaita madubanta da ƴan kusoshin baya, musamman inda hannaye da yawa ke taɓa ta. Kuma a fito da ita tun da magariba, madubin ya huce, in ba haka ba hoton ya yi ta rawa.