Shagon kayan gini a garin kan iyaka

Na shafe watanni ina sayen kaya a wannan shago lokacin da nake gyaran gida, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai shagon ya san kayansa. Da na nemi ƙusa, sai ya tambaye ni kaurin katakon, sannan ya auna mini mai inci 3 maimakon mai inci 4 da na ambata, domin kada katakon ya tsage.

Garin yana can arewa, nesa da manyan kasuwanni, saboda haka kafin damina ta ɓata hanya yakan tara siminti, kwanon rufi da rodi. Buhunan siminti masu kilo 50 a kan katako yake jera su, ba a ƙasa ba, shi ya sa ban taɓa samun wanda ya daskare ba. Magina da kafintoci daga ɓangarorin iyakar biyu suna karɓar kaya bashi, yana rubutawa a wani tsohon littafi.

Inda shagon ya gaza shi ne kayan famfo, domin sau biyu ina jiran bututu har mako uku, abin da ya tsayar mini da aiki.