Haƙori ya ɓalle: ciko, hula, ko a cire?

Wani ɗan'uwa daga Unguwar Rogo a Jos ya yi tambaya. Ya buɗe kwalbar lemo da baki, gefen haƙorinsa na gaba ya ɓalle, yanzu da iskar asuba ta taɓa wurin sai zogi ya harba masa har ka. Wani ya ce masa ciko, wani ya ce hula, mai kemis kuma ya ce a cire kowa ya huta.

Sannu Malam, Allah ya sawwaƙe. Zurfin karayar shi ke yanke hukunci. Haƙori hawa uku ne: farin ɓawo mai tauri, wanda kaurinsa a bakin haƙorin gaba wajen milimita 2 ne, sai na ƙarƙashinsa mai ɗan ruwan ɗorawa, cike da ƙananan hudoji masu kai wa ga jijiya, sai ita jijiyar da jininta a tsakiya. Ɗauki madubi da tocilan waya ka duba. In wurin fari ne fes, ɓawo kaɗai ya tafi, babu gaggawa, wani lokaci goge kaifin kawai likita zai yi. In ka ga rawaya-rawaya kuma sanyi na damunka, an kai hawa na biyu, kuma bayaninka ya fi kama da wannan. Sanyin Jos ba ya raga wa irin wannan haƙori. A rufe shi cikin kwana ɗaya ko biyu. In kuwa akwai jan ɗigo a tsakiya, ko jini na tsattsafowa daga cikin haƙorin kansa ba daga dasashi ba, jijiya ta buɗe, ranar za a ga likita.

Ciko zama ɗaya ne, minti 30 zuwa awa guda. Likita zai zaɓi kalar da ta dace da haƙoranka, ya shafa wani asid na daƙiƙa 15 zuwa 30 don wurin ya yi kaushi, ya wanke, ya sa gam, sannan ya riƙa ɗora cikon kaɗan-kaɗan, kaurin kowane ɗori bai wuce milimita 2 ba, yana haska shuɗiyar fitila ya daskare. Kusan ba a taɓa lafiyayyen haƙorin. Rauninsa biyu ne. Goro, baƙin shayi da taba suna rina gefensa. Kuma in yawu ya taɓa wurin ana cikin aikin, gam ba ya kamawa, shi ya sa za ka ji wani na ƙorafin nasa ya faɗi cikin wata guda. Wanda aka yi da kyau yakan kai shekara biyar zuwa bakwai, in ya gutsure a gyara shi nan take.

Hula kuwa, wanda ya san haƙorin Makka ya san tsarinta: kifa ta ake yi a kan haƙorin gaba ɗaya, sai dai wannan kalar haƙori ce. Kafin ta zauna dole a fiƙe haƙorin ta kowane gefe, milimita 1 zuwa 2, a ɗauki awonsa, a sa maka ta wucin gadi, ka dawo bayan sati ɗaya ko biyu a manna ta ainihi da siminti. Ta fi ciko ƙarfi, ba ta rinuwa kamarsa, tana kai shekara goma ko fiye. Kuɗinta ya ninka na ciko sau da yawa, kuma abin da aka fiƙe ya tafi ke nan. A ganinmu, fiƙe haƙori mai rai saboda ɗan gefe ya ɓalle ɓarna ce. Hula tana da hujja idan kusan rabin haƙorin ya tafi, ko an cire jijiya, ko turmi ne ya tsage, tunda nauyin tauna a kansa yake. Yaro ɗan shekara 12 ko 14 ma ba a gaggauta yi masa, don jijiyarsa na da faɗi, dasashinsa bai gama zama ba.

Akwai wata hanya da mutane ke zubarwa a ƙasa: guntun da ya ɓalle. In ka tsince shi, jefa shi a madara, likita na iya manna shi, kuma babu cikon da zai kai shi dacewa da kala. In ya bushe a aljihu, sai an jiƙa shi kamar minti 20 kafin a manna. In faɗuwa aka yi, leɓe ya fashe, ba a ga guntun ba, a ɗauki hoton X-ray na leɓen, yakan maƙale a ciki.

Jijiyar da ta buɗe, in an zo da wuri, ana yanke ɗan samanta a rufe da magani, sauran ta rayu. In an bari ta ruɓe, sai an kwashe ta duka an wanke saiwa, zama ɗaya zuwa uku. Shawarar mai kemis ita ce ta ƙarshe, sai tsagar ta gangara cikin saiwa. Giɓi ba ya zama haka nan: maƙwabtansa na karkatowa, ƙashin wurin na zaizayewa, kuɗin cike shi daga baya ya fi na ceton haƙorin.

Kafin ka isa asibiti, kurkura da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi. Rufe kaifin da cingam marar suga don kada ya yanki harshe. Farasitamol mai 500, ƙwaya biyu duk awa shida, kada ya wuce takwas a yini ga babba. Ibuprofen bayan cin abinci, ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu. Kanumfari na kwantar da zogi na ɗan lokaci, ba ya rufe komai. Ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona shi take yi, balle ruwan batir ko gam ɗin gyaran takalmi. Kafso ma ba ya ɗinke karaya.

Wanda ya fi duk wannan gaggawa shi ne haƙorin da ya fita ɗungurungum. A riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye da madara ba tare da kankarewa ba, a mayar da shi raminsa a cije hankici. In ba a iya ba, a sa shi a madarar ruwa ko a yawun mai shi cikin kofi, ban da nono mai tsami, ban da tsoma shi a ruwan famfo. Bayan awa guda a bushe, ƙwayoyin jikin saiwar sun mutu. Haƙorin nono na yara ba a mayar da shi, yana lalata na dindindin da ke ƙasa.

Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo yana da sashin haƙori da tiyatar muƙamuƙi. Kumburin da ya nufi ido ko ƙarƙashin haɓa, da zazzaɓi, ko haɗiya ta gagara, ko baki ya ƙi buɗewa, wannan na ɗakin gaggawa ne ko da tsakar dare.

Kai dai Malam, ka nemi a ɗauki hoton haƙorin a gwada jijiyar kafin a taɓa komai, ka fara da ciko. Ka koma a duba bayan sati shida zuwa takwas, sannan bayan shekara, don jijiyar da ta bugu takan mutu shiru, sai dai ka ga haƙorin ya fara yin toka-toka ko ƙurji ya fito a dasashi.