Tabarma, madubi da ɗan gangare: abin da na saya don gyara bugun fota

Ranar da na yanke shawarar kashe kuɗi a kan kayan nan, na buga rami 18 na ƙirga bugun fota har 41. Ga wanda ba ya wasan golf, ko ƙwallon lambu kamar yadda 'yan rediyo ke cewa, fota ita ce sandar da ake gangara ƙwallo da ita a kan girin, wato lallausar ciyawar da ta kewaye rami. A lissafin fili bugu biyu aka ware wa kowane girin, 36 ke nan a zagaye guda. Yaron da ke ɗaukar mini jaka, wanda ya fi ni iya wasan nesa ba kusa ba, ya ce, "Baba, ai daga nesa ba ka da laifi. A bakin rami ake cinye ka."

Abu uku na sa ɗan ƙanena ya yi mini oda ta intanet: tabarmar atisaye mai tsawon ƙafa tara, madubin da ake ajiyewa a ƙasa, da wani ɗan gangaren roba mai suna PuttOUT. Wata huɗu ke nan ina fama da su a falo bayan sallar isha'i.

Tabarmar ce ta fi tsada, ita ce kuma ta fi ba ni haushi. A naɗe ta zo, bakinta ya ƙi kwanciya sai da na danne shi da buhun shinkafa kwana uku, kuma har yau akwai wani ɗan ƙundu a tsakiya da ke karkata ƙwallo hagu idan ta zo a hankali. Ƙurar hunturu na maƙale mata, kullum sai an bi ta da buroshi. Amma babban aibinta shi ne ta iya yaudara. Layi ne miƙaƙƙe an zana maka, gudu iri ɗaya kullum, ga tudu a ƙarshe da ke tilasta maka ka ƙara ƙarfi don ƙwallo ta hau ta faɗa ta gangaro maka. Cikin mako biyu ina jefa ashirin a jere, har na fara jin kaina. Da na koma fili, ƙarfin da hannuna ya saba da shi ya riƙa wuce da ƙwallo ƙafa huɗu bayan rami. Ciyawar gaske tana da kwari da tudu, da safe raɓa ta riƙe ƙwallo, da rana ta sake ta. Shi ya sa ma ake auna gudun girin da wani ƙarfe mai kwararo da ake kira Stimpmeter. Tsofaffin da suka koyi wasan a kan burawun, wato yashin da ake cuɗawa da mai a filayen Arewa maimakon ciyawa, sun fi mu sanin cewa kowace ƙasa da irin gudunta.

Madubin kuwa, wanda na raina don bai fi faranti girma ba, shi ya tona mini asiri. Ana ɗora ƙwallo a wani ɗan gurbi a jikinsa, ka sunkuya kamar za ka buga, sai ka ga idanunka da kafaɗunka a kan layukan da aka zana. Shekara bakwai ina wasa ina rantsuwa cewa idona yana kan ƙwallo. Ashe ya zarce ta da kusan yatsa uku, kafaɗuna kuma hagu suke kallo. Watau duk tsawon lokacin nan gefe nake saitawa, sannan in murɗe hannu in gyara ba tare da na sani ba. Ranar da murɗiyar ta yi daidai in ce na iya, ranar da ta kuskure in ɗora wa ciyawa laifi.

Na zauna da biro na yi lissafin da ya sa jikina ya yi sanyi. Faɗin rami inci 4.25 ne, daga tsakiyarsa zuwa baki inci biyu da 'yan kai. Idan fuskar fota ta karkace da digiri ɗaya tak, kafin ƙwallo ta yi ƙafa goma ta kauce da kusan inci biyu, ta kai leɓen rami ke nan. Digiri ɗaya ko ido ba ya ganinsa. A nan atisayen ƙofa ya shigo, wanda aka san zakaran golf Tiger Woods da shi: a kafa tsinken ti biyu, wato ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai a bugun farko, ɗaya ta kan fota ɗaya ta dugaduginta, da ƙyar za ta wuce tsakaninsu, sai a yi ta bugu. A kan tayil tsinke ba ya kafuwa, don haka batirin tocila biyu nake tsayarwa. Daren farko na kayar da su sau goma sha ɗaya, suna ta gungurawa ƙarƙashin kujera, har Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, wai wasa kake ko aikin hukunci aka ba ka?" Yanzu sai in yi talatin ban taɓa ko ɗaya ba.

PuttOUT ɗin shi ne abin da nake ɗauka in tafi da shi ko'ina, don yana naɗewa ya shiga aljihun jaka. Gindinsa daidai faɗin rami ne, bayansa kuma ya lanƙwashe sama. Ƙwallon da za ta shiga rami sai ta hau ta dawo maka, kuma nisan da ta dawo shi ne nisan da za ta wuce da ba ta faɗa ba. Wadda ta kauce kuwa gefe take zamewa. Dave Pelz, masanin kimiyyar nan da ya bar aiki a hukumar NASA ta Amurka ya koma binciken golf, ya ce gudun da ya fi dacewa shi ne wanda zai kai ƙwallo inci 17 bayan rami. Na auna inci 17 na liƙa salatif a ƙasa, kullum nan nake nema ta tsaya. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin gurbi a jikin gangaren da ƙwallo ke maƙalewa idan layi da gudu sun haɗu cif. Ni sau huɗu na taɓa samu. Jikata 'yar shekara tara ta samu sau shida, kuma ba ta bar ni na manta ba.

Sauran aikin dole sai a fili. Kafin in fara wasa nakan jera ƙwallo goma su kewaye rami, kowace ƙafa uku, irin da'irar da ƙwararren ɗan wasan Amurka Phil Mickelson ya shahara da ita. Shi ɗari yake nema a jere, in ya ɓarar da ɗaya ya koma farko. Ni goma nake nema, kuma ta takwas ce kullum hannuna ke rawa a kanta. Daga nan in koma ƙafa 20, 30 da 40, ba don in jefa ba, don dai ta kwanta kusa. Na kuma daina zagin kaina a kan bugun ƙafa takwas tun da na san cewa ƙwararrun gasar PGA ta Amurka ma kusan rabi suke jefawa daga wannan nisa.

Asabar da ta wuce na ƙirga 34, bugu uku sau ɗaya kawai, a rami na 14 mai gangara. Wanda zai saya, ya fara da madubi, in da sauran kuɗi ya ƙara da gangaren. Tabarmar tana bayan kujera a naɗe, Hajiya ta ce in ban fitar da ita kafin Sallah ba za ta shimfiɗa ta a bakin ƙofar kicin.