Ra'ayina akan shirin Data Over Dogma, ga masu tambaya ko ya cancanci datarsu

Jama'a shirinnan ya cancanci a saurara, amma ba kowa zan tura ma ba, bari in faɗi wannan tun farko kar wani yaje ya ji abunda bai shirya ji ba yazo yana cewa ni na kai shi. Data Over Dogma (wato hujja gaba da aƙida) fodkas ne na Turanci da wasu mutum biyu a jihar Utah ta Amurka suka fara a 2023, yana fita duk mako a YouTube da Spotify da sauran wuraren da ake sauraro, kowane fitowa kusan awa guda. Dukansu biyun sunansu Dan. Na farko Dan McClellan, shine malamin, yayi karatu a Oxford sannan yayi digirin dakta a jami'ar Exeter ta Ingila, yana karanta Ibrananci da Helenanci, da yawanku ma kun taɓa ganin fuskarsa a TikTok yana ɗauko bidiyon wani mai wa'azi ko wani mai zagin addini yana bi yana gyara musu. Na biyun Dan Beecher, shi ba malami bane kuma baya ɓoyewa cewa bai yarda da Allah ba, aikinsa a shirin shine yayi irin tambayoyin da ni da kai zamu yi in muna wajen. McClellan kuwa ɗan cocin Mormon ne. To kaga mai bi da mara bi zaune tebur ɗaya suna buɗe Littafi Mai Tsarki kuma ba faɗa ake ba, wannan kaɗai ya ishe ni in tsaya in ji.

Abunda suke yi ba wa'azi bane kuma ba irin muhawarar nan bace ta fasto da malam da muka saba gani ana jefa ayoyi kowa na neman magoya bayansa suyi tafi. Tambayarsu kullum itace wa ya rubuta wannan wajen, yaushe, wa yake rubutawa, me mutanen lokacin suka fahimta da shi. Maganar da McClellan yafi nanatawa har na haddace itace Littafi Mai Tsarki ba da murya ɗaya yake magana ba, littattafai ne da yawa da mutane daban daban suka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru, wani yana amsa wani, wani ma yana gyara wani, mu masu karatu ne muke zaɓan wacce aya zamu ɗaga wacce zamu danne dan su daidaita da abunda cocinmu ke koyarwa. Da farko abun yayi min zafi, amma ka ɗauki Littafinka na Hausa ka gwada da kanka. Farawa sura 1 tsire tsire ne a rana ta uku, dabbobi, sannan namiji da mace tare a ƙarshe. Ka shiga sura 2 daga aya ta 4 sai kaga mutum ne farko, sannan itatuwan gonar, sannan dabbobi ana kawo masa yana raɗa musu suna, sai daga ƙarshe mace. Har sunan Mahalicci ya canza, sura 1 Allah kawai ake cewa, sura 2 kuma Ubangiji Allah. Tun muna Sande sukul muke karanta wajennan amma ba wanda ya taɓa ce mana ku tsaya ku lura labari biyu ne aka jera.

Haka ruwan tsufana. Sura 6 tace biyu biyu daga kowace dabba, sura 7 tace bakwai bakwai daga masu tsarki, wani waje kwana 40 wani waje kwana 150. Sai kuma labarin da yafi ɗaure min kai, wai a 1872 wani ma'aikacin gidan tarihin British Museum mai suna George Smith yana karanta fasassun allunan yumɓu da aka tono daga Nineba sai ya ci karo da labarin wani Utnafishtim da aka gargaɗe shi ya gina jirgi, ya ɗebi iyalinsa da dabbobi, ruwa ya shafe duniya, jirgin ya tsaya kan dutse, ya saki kurciya ta dawo, ya saki wata tsuntsuwar ta dawo, ya saki hankaka bai dawo ba, ya fito yayi hadaya. Wannan allo na 11 ne na labarin Gilgamesh, tsohon labarin mutanen yankin Babila, kuma akwai wanda ya girme shi ma, na Atrahasis, wanda aka rubuta shekaru sama da dubu ɗaya da ɗari biyar kafin haihuwar Yesu.

Nan ne inda nake so in daɗe, dan nan ne mutane ke ruɗewa. Wani yana jin haka sai yace shikenan an kama su, kwafa sukayi, ƙarya ce. Wani kuma sai yace a'a wannan ma hujja ce ruwan ya faru tunda kowa ya rubuta. Ni abunda na samu daga irin karatun da shirinnan ke koyarwa daban ne, shine ka ajiye labaran biyu gefe da gefe ka duba inda suka rabu, dan a wajen rabuwar ne marubucin yake faɗin abunda ke ransa. A Atrahasis alloli sun aiko ruwa ne saboda mutane sunyi yawa hayaniyarsu ta hana Enlil, ɗaya daga manyan allolin, barci. A Gilgamesh allolin da kansu sun tsorata da ruwan da suka saki, da akayi hadaya kuma suka taru akanta kaman ƙudaje dan yunwa. Marubucin Farawa ya ɗauki labarin da duk yankin an san shi yace a'a, Allah ɗaya ne, ba hayaniya ta dame shi ba zalunci ne ya cika duniya, ba ya tsoron ruwa, ba ya jin yunwa, kuma a ƙarshe shine ya ɗaure kansa da alkawari. Kai, wannan ai gardama ce babba ake yi da Babila a cikin labari, kuma in ka tuna mutanen Yahuza sun zauna bauta a Babila bayan an rushe Urushalima a 586 kafin haihuwar Yesu sai abun ya ƙara nauyi. Duk shekarun da nayi ina damuwa da yanda giwa da zaki suka shiga jirgi da inda aka zuba kashinsu, wannan saƙon yana wajen ban gan shi ba.

Mu Hausawa bai kamata abunnan ya zame mana baƙo ba. Labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, masana tarihi da yawa basu ɗauke shi a matsayin rahoton abunda ya faru rana kaza ba, amma ba mai hankalin da zai ce shirme ne a zubar, dan a cikinsa ne aka ajiye yanda Hausa Bakwai suke ganin dangantakarsu, waye babba, waye ɗan uwa, daga ina sarauta ta fito. Irin wannan karatun suke nufi in sunce a karanta wani sashe na Littafi a matsayin labarin asali.

Wajen da yafi min daɗi duka shine na dodon teku. A 1929 aka fara tono tsohon birnin Ugarit a Ras Shamra dake gaɓar tekun Siriya, aka samu alluna da labarin allahnsu Ba'al yana yaƙi da Teku da wani maciji mai kai bakwai sunansa Lotan. Yanzu buɗe Zabura 74 aya 13 da 14, Allah ya farfasa kawunan Lewiyatan, kawuna fa ba kai ɗaya ba. Buɗe Ishaya 27 aya 1, maciji mai gudu, maciji mai murɗewa, kusan kalmomin da aka samu a allunan Ugarit. Sannan ka koma Farawa 1 aya 21 kaga manyan dodannin teku an halicce su ne kawai a rana ta biyar tare da kifaye, ba yaƙi ba kokawa. Wato a cikin Littafi ɗaya akwai mai waƙa da yake tuna yaƙin akwai kuma marubucin da yace wane yaƙi, ai halittarsa ce. Ni dai ban ji imanina ya ragu da wannan ba, sai ma naji kaman an ƙara min haske a ɗakin da nake karatu, amma nasan wani zai ji akasin haka kuma ban raina shi ba.

Akwai masu nauyi fiye da haka. Maimaitawar Shari'a 32 aya 8 da 9, inda rubutun Ibrananci da aka saba dashi yace an raba al'ummai bisa yawan 'ya'yan Isra'ila, amma wani guntu daga littattafan da aka fara ganowa a kogunan duwatsu na Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947 yace 'ya'yan Allah, tsohuwar fassarar Helenanci ma ta karkata can. McClellan yana haɗa wannan da Zabura 82 yace Isra'ilawan farko sun yarda akwai majalisar alloli, kaɗaita Allah yanda muka san shi daga baya ya nuna. Wannan kam in ka kunna shi a motar haya da lasifika to kai ka jawo ma kanka. Sai kuma wa ya kashe Goliyat, 1 Sama'ila 17 tace Dawuda, 2 Sama'ila 21 aya 19 a Ibrananci tace Elhanan, 1 Tarihi 20 aya 5 kuma tazo tace ɗan uwan Goliyat ne Elhanan ya kashe.

Abu ɗaya da na yaba musu, basa cewa komai labari ne. In wani mara addini ya taso da cewa Yesu ma bai taɓa rayuwa ba ko wai an kwafo shi daga Horus, wani allahn tsohuwar Masar, McClellan yana kwance masa zani a kasuwa daidai yanda yake yi ma masu wa'azi. Kuma akwai tarihi na gaske a Littafin, dutsen Tel Dan da aka samu a 1993 ya ambaci gidan Dawuda, rubutun Sennakerib sarkin Assuriya ya ambaci Hezekiya da harin 701 kafin haihuwar Yesu. Kowane sashe da irinsa, waƙa daban, doka daban, tarihin sarakuna daban, labarin asali daban. Suna kuma kawo baƙi manya, irinsu Bart Ehrman da Francesca Stavrakopoulou wacce itace ta duba aikin daktan McClellan a Exeter, kuma fitowar baƙin sau da yawa tafi min daɗi dan ana samun wanda zai ja da McClellan kaɗan.

To yanzu inda suka gaza. Sunan shirin kansa akwai cika baki a ciki, kaman su ne ke da hujja kowa kuma aƙida ce ke jansa. McClellan yana yawan cewa masana sun haɗu akan kaza, kuma sau da yawa gaskiya ne, amma wani lokacin haɗuwar bata kai yanda muryarsa ke nunawa ba. Misali batun raba littattafan Musa gida huɗu da ake dangantawa da wani malamin Jamus Wellhausen tun 1878, har yau malaman Turai da wasu na Amurka da Isra'ila basu daidaita akan yanda abun yake ba, kuma akwai malamai masu riƙe da tsohuwar fahimta irinsu marigayi Kenneth Kitchen da suka san harsunan nan sosai, ba jahilai bane, amma da wuya kaji an ba irin ra'ayinsu fili yanda ya kamata. In shirinnan kaɗai kake ji zaka ɗauka gardama ta ƙare.

Na biyu, Amurka tayi yawa a ciki. Rabin misalansu akan siyasar cocin Amurka ne, zubar da ciki, 'yan ra'ayin riƙau, wani fasto a TikTok da bamu san shi ba. Barkwancinsu ma na finafinai da littattafan zane na can ne, sai suyi ta dariya kai kana zaune kana jiran su dawo kan aya. Beecher mutum ne mai daɗin hira kuma tambayoyinsa na taimakawa, amma wani lokacin dariyar tasa akan labarin da wasu ke ɗauka da tsarki tana wuce gona da iri, na tabbata da yawa daga iyayenmu a nan zasu kashe. Ga tallace tallace a tsakiya sai dai in kana biyan kuɗin tallafa ma shirin ta shafin Patreon da dala, wanda a canjin yanzu ba zancen yi bane. Turancin McClellan kuma yana da sauri da manyan kalmomi, ni nakan rage gudun sautin kaɗan in kuma riƙe Littafina na Hausa a hannu ina duba ayoyin, in ba haka ba rabi zai wuce ka.

'Yan uwa Musulmi dake son sanin yanda jami'o'i ke nazarin Littafin Kirista zasu ƙaru, amma ku sani ba shirin tara makamin muhawara bane, hanyar da suke bi hanya ce ta tarihi da zata yi ma kowane tsohon rubutu tambayoyi iri ɗaya. Ɗaliban makarantar tauhidi kuwa ina ganin wajibi ne ku ji, dan matasan da zaku yi ma wa'azi gobe sun riga sun ga gajerun bidiyoyin a wayoyinsu kuma zasu tambaye ku Elhanan. Wanda kuma yake cikin wani hali yana neman ta'aziyya ko abun ƙarfafa zuciya da safe, ba nan zai samu ba, su da kansu basu ce zasu bayar ba.

In maki ne na basu huɗu cikin biyar. Kar ka ɓata data akan bidiyon, mutum biyu ne kawai zaune gaban makirfo, ka sauke sautin da daddare lokacin garaɓasa, ka fara da fitowar farko farko da sukayi akan Farawa kafin ka taɓa na majalisar alloli.