Ƙaramin rediyon aljihu ko RTL-SDR: wanne ya dace da mai tafiya ta jirgin sama

Ɗan'uwa da ya ce zai tafi Umra ta Alƙahira, yana tambaya wanne zai riƙe tsakanin ƙaramin rediyon aljihu Tecsun PL-330 da kuma RTL-SDR V4, ƙaramar na'urar nan da ake jonawa a waya ta mayar da ita rediyo, kuma wai ko zai iya kama tashoshin nesa yana cikin jirgi, to ga abin da na sani, don duka biyun ina da su kuma na yi tafiya da kowanne.

Mu fara da cikin jirgin tukunna don na ga kamar nan ne hankalinka ya fi karkata. Gaskiya kada ka sa rai da gajeren zango a can sama, jikin jirgi tulun ƙarfe ne, igiyar mita 31 ko mita 49 ta yi wa ɗan tagar nan girma nesa ba kusa ba, abin da za ka ji shuuu ne kawai da ƙugin na'urorin jirgin kansa, ko Tecsun ne a hannunka ko SDR duk ɗaya. FM ne ke ɗan kutsowa saboda igiyarsa wajen mita 3 ce kawai, kuma a nan abin mamakin yake, don a ƙasa FM ba ya nisa saboda doron duniya na tare shi, amma idan kana sama wajen mita 11,000 eriyarka na hango tashar da ke nisan fiye da kilomita 400. Sau ɗaya aka taɓa ba ni izini na kunna na 'yan mintoci, na manna eriya a jikin gilashin taga na sa iyafis, wallahi kowane gurbi na murɗa akwai magana, wani wajen tashoshi biyu uku na kokawa a kan lamba ɗaya, Faransanci ya danne Larabci can kuma Larabcin ya dawo ya danne shi, kafin ka tsaya jin sunan tasha ta dusashe, don jirgin na cin kusan kilomita 15 duk minti ɗaya. Har yau ina tuna daɗin wannan 'yan mintocin.

Amma fa izini ne, ba haƙƙinka ba ne, kuma yawancin kamfanonin jirage sun sa rediyon AM da FM cikin abubuwan da ba a kunnawa sam, duba takardar da ke aljihun kujerar gabanka. Akwai dalili. Rediyon FM irin na da yana da ɗan siginar kansa da yake haifarwa a ciki, wanda ke sama da tashar da ka kama da 10.7 MHz, to ka ga idan ka kama 99 sai ya faɗa 109.7, kuma daga 108 zuwa 118 nan ne na'urorin da ke yi wa jirgi jagora da saukar da shi suke aiki. Sababbin rediyo masu cif ɗin DSP, wato mai sarrafa sigina ta hanyar dijital, irin PL-330 ba haka aka gina su ba, amma ma'aikaciyar jirgi ba aikinta ba ne ta bambance maka wannan, in ta ce a'a ka naɗe eriyarka ka mayar jaka. SDR kuwa ni ban ma taɓa gigin fito da shi a jirgi ba, mutum zaune da waya da kebul da wani ƙarfe, allo na ta zane-zane masu motsi, kai ma in kai ne maƙwabcinsa hankalinka ba zai kwanta ba.

Saboda haka ainihin kwatancen a ƙasa yake, wato filin jirgi da masauki.

Wajen binciken kaya a filin jirgi Tecsun ya yi wa SDR fintinkau. Kowa ya san rediyo, jami'i zai ɗaga ya juya ya ce kunna, ka kunna ya ji magana ya miƙo maka. Batirinsa ma BL-5C ne, irin na tsohuwar Nokia ɗin nan, ko ya mutu za ka samu a kowace kasuwar waya, kuma da USB ake cajinsa. Ka dai tuna batirin lithiyam na safaya a jakar hannu ake sa shi ba a kayan awo ba, ƙa'idar ita ce kada ya wuce 100Wh, wannan kuwa ko 5 bai kai ba. SDR shi ne ya taɓa zaunar da ni kusan minti arba'in a wani filin jirgi da na yada zango, ba shi kansa ba ma, tarkacensa ne, naɗin waya mita goma da ƙananan mahaɗai da eriya mai ƙafa uku, a allon na'urarsu abin ya fito wani iri, aka kira wannan aka kira wancan, ina ta bayanin cewa karɓa kawai yake ba ya aikawa, da ƙyar suka bar ni da shi ana ta kiran jirginmu. Kuma ban ga laifinsu ba, don V4 na ji tun daga 500 kHz har sama da 1.7 GHz, ciki har da 118 zuwa 137 MHz inda matuƙa ke magana da hasumiya, da 1090 MHz inda jirage ke sanar da inda suke. Ƙasashe da yawa ba sa wasa da wannan, a 2010 an kama wasu 'yan Ingila biyu masu sha'awar kallon jirage a wani otal kusa da filin jirgin Delhi saboda na'urar sauraron zangon jirage, sai da aka kai su kotu. PL-330 ba shi da wannan zangon kwata-kwata, a gida ana ganin hakan naƙasu ne, amma ga matafiyi rufin asiri ne. Shi ya sa ma ban ce ka ɗauki XHDATA D-808 ko PL-660 ba duk da suna da kyau, su suna da shi.

Wajen iya aiki kuwa ba zan ɓoye maka ba, SDR ya fi. Kana ganin faɗin zango sama da 2 MHz gaba ɗaya a allo, duk mita 31 a gabanka, tasha ta taso ka gan ta kafin ka ji ta, ka naɗi sauti, ka matse faɗin tacewa yadda kake so. Wanda ya saba da haka in ya koma murɗa rediyo sai ya ji kamar an rufe masa ido ɗaya. Sai dai duk wannan a kan tebur ne da eriya mai kyau a waje. A ɗakin otal hawa na tara a tsakiyar gari, ga fitilun LED ga lifta ga cajojin mutane ɗari, wayar da ka jona shi ma tana zuba masa nata ƙarar, ga manyan tashoshin FM na gari da ke cika masa ciki har ka riƙa ganin tashoshin bogi inda babu su, sannan yana shan cajin waya kamar me, wayar da kake buƙata don neman 'yan rukuninku a Harami. Kuma sai Android mai OTG, wato mai karɓar na'ura ta ramin caji, da manhaja irin SDR Touch, in iPhone gare ka kai tsaye ba zai yi ba. Tecsun kuwa ka zura a aljihun jallabiya ka hau rufin bene ko ka fita fili nesa da wayoyin lantarki, ka ja eriya, ka danna ETM ya zagaye zangon ya tara maka duk abin da ke tashi a lokacin. Sandar eriyar da ke cikinsa kuma ita ce ta matsakaicin zango, da dare a yankin nan cike yake da tashoshin Larabawa masu ƙarfi, kana juya jikin rediyon wata na ɓacewa wata na fitowa, SDR ba zai ba ka wannan ba sai ka ƙara sayen wata eriyar.

Kuma kada ka ɗauka rashin zangon jirage ya raba ka da jirage, PL-330 na da SSB, wato salon kama maganar da jirage ke yi a gajeren zango, kuma jiragen da ke ratsa Sahara har yanzu suna amfani da gajeren zango inda babu wata hanyar. Sa shi a USB, wato ɓangaren sama na SSB ba na caji ba, ka gwada 8903 ko 8894 kHz da dare, nan ake jin su Kano da Yamai da Njamena da Aljiyas, 11300 kuma ɓangaren Alƙahira da gabashin Afirka, tashar Shannon ta ƙasar Ayalan kuma tana karanto yanayin filayen jirage a 5505 da 8957. Amma wannan ni a gida nake yinsa, a ƙasar mutane ina tsayawa kan tashoshin watsa labarai.

Abu ɗaya da zai iya ba ka haushi ko da wanne ka tafi, sashen Hausa na BBC da ke nan tun 1957 da na RFI duk Afirka ta Yamma ake saita eriyoyinsu, daga wurare irin tsibirin Ascension da Issoudun ta Faransa, to kai da ke Makka kana gefe ne, wata rana ka ji tar wata rana da ƙyar. Ni a wajena jin "Assalamu alaikum" cikin Hausa na tasowa daga cikin shuuu a wata ƙasa ya fi jin sa garau a intanet sau goma. Ka rubuta mitocin a takarda kafin ka tashi, ka tabbatar na wannan kakar ne don ana canza su ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, kuma ka lissafa agogo, Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, shirin takwas da rabi na dare a can goma da rabi ne.

Ni dai in ni ne, Tecsun zan ɗauka da iyafis da batir ɗaya na safaya da 'yar waya mita biyar da zan maƙala a eriya, SDR ya jira ni a gida. In ka yi kewar allon, akwai WebSDR na jami'ar Twente a Holan da kuma KiwiSDR da mutane suka buɗe a ƙasashe daban-daban, duk rediyo ne da ake murɗawa ta intanet, ka shiga ta burawuza da wayfay ɗin otal. Allah ya kai ku lafiya ya karɓi ibada, in ka dawo ka kawo mana jerin abin da ka kama da lokaci da mita, musamman matsakaicin zango daga Madina, ina son in gwada da nawa.