Gargaɗi Ga 'Yan Zangon Kumasi: Mai "Hajji Cikin Rahusa" Ya Sake Fitowa

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar da sauran zangunan Kumasi. Mutumin da ya cuci goggona da wasu mata goma a kan kujerar Makka ya dawo. Ya canza ofis, ya canza allon ƙofa, ya sayi sabon layin waya, amma muryar da ke yawo a WhatsApp tana cewa "ku zo a yi muku Hajji cikin sauƙi" muryarsa ce, ko cikin barci na ji ta zan gane. Ba zan kama sunansa ba saboda maganar tana hannun 'yan sanda. Zan dai faɗa muku yadda yake aikinsa, don duk wanda ya ji irin wannan romon baka ya san da wa yake magana.

Goggona waakye, wato dafa-dukan shinkafa da wake, take sayarwa. Tun kafin kiran Assalatu take hura wuta, kuma shekara da shekaru tana zuba adashi da niyya ɗaya, ta ga Ka'aba da idonta. A Hajjin 2025 gwamnati ta sa kuɗin kujera sidi 62,000, wato miliyan 620 a tsohon lissafin da iyayenmu suke yi har yau. Abin da ta tara bai kai ba. Ana cikin haka wata abokiyar adashinta ta kai ta wurin wannan bawan Allah, ya ce sidi 40,000 ya isa: jirgi, biza, masauki "minti biyar zuwa Harami", har da inshorar lafiya. Tun ranar farko yake kiran ta Hajiya. Ya ce mata, "Hajiya, ke dai ki kawo fasfo, sauran aikina ne." Ta dawo gida tana hawayen murna.

Ni na tura kuɗin da hannuna, kuma wannan yana ci mini rai har yanzu. Ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na tura, kashi-kashi, zuwa lambobi biyu. Da na danna, sunan da ya fito a waya ba nasa ba ne, ba na kamfani ba ne, sunan wata mata ne. Na tambaye shi, ya ce sakatariyarsa ce. Rasit ɗin da ya ba mu irin littafin nan ne da ake sayarwa a kasuwar Kejetia, babu lambar rajista, babu adireshi, an dai rubuta "kuɗin tafiya". Ko kalmar Hajji babu a jiki. A lokacin ban lura ba, sai daga baya na gane da gangan ya bar ta.

Dabarar tasa ita ce wannan. Ba bizar Hajji yake samo wa mutane ba, ta Umara ce. Ya ɗebe su bayan ƙaramar Sallah, farkon watan Afrilu, ya ce su yi Umara su zauna shiru har lokacin Arfa, in ya so su saje da alhazai. Alhali Saudiyya ta riga ta sanar cewa 29 ga Afrilu 2025, wato 1 ga Zulƙida, ita ce ranar ƙarshe da mai Umara zai bar ƙasar, kuma daga ranar ba mai zama a Makka sai mai izinin Hajji ko mazaunin garin. Arfa kuwa sai 5 ga Yuni. Ke nan sama da wata guda ana so tsohuwa ta zauna a ɓoye kamar wadda ta yi sata. Hukuncin wanda aka kama yana neman yin Hajji babu izini tara ce da za ta iya kaiwa riyal 20,000, ga kora, ga hana shiga ƙasar har shekara 10. Duk wannan ya sani. Bai gaya wa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Masaukin da ya nuna mana a waya otal ne mai fitilu, ana hango hasumiyar agogo ta taga. Inda aka sauke su wani gida ne a kan tudu, can bayan gari, sai an shiga mota kafin a kai Harami. Su goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya, katifu a ƙasa, bayi ɗaya, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar ruwa cikin bokiti. Da ta kira ni ta bidiyo na ga jakunkunansu a jere jikin bango, an rataye hijabai a igiyar da aka ɗaura daga ƙusa zuwa taga, tagar kuma an toshe ta da kwali don kada a hango su daga waje. Ta ce mini, "Ɗana, ina jin kiran salla daga nesa, amma an hana mu fita." Fasfunansu duka suna hannun wani yaronsa, wai don kada su ɓata.

Ku sani, masauki mai araha ba laifi ba ne. Masu Umara da yawa suna sauka a unguwannin Makka irin su Aziziyya ko can ƙasan Misfala su riƙa bin motocin da ke kai mutane Harami, kuma suna yin ibadarsu lafiya. Amma wanda yake da gaskiya zai ba ka sunan otal ɗin da takardar kama ɗaki tun kana Kumasi, ka sa ɗanka ya buɗe taswira a waya ya ga tazarar da idonsa. Wanda ya ce "sai mun isa za ku gani" ka karɓi kuɗinka.

Sai maganar inshora, wadda ita ta fi ba ni takaici. Duk da ya ce tana cikin kuɗin, ya karɓi sidi 1,500 daban a hannun kowacce, ya ba su wata takarda mai tambarin zinariya. Goggo tana da hawan jini da ciwon suga. Maganinta ya ƙare, ƙafafunta suka kumbura, na kira lambar da ke jikin takardar ya fi sau ashirin, ba ta ma shiga. Ashe babu kamfanin. A Gana hukumar inshora ta ƙasa ce take ba kamfanoni lasisi, kuma da mun duba sunan a jerinta da mun gane tun da wuri. Abin haushin, bizar Umara ta gaskiya tana zuwa da inshorarta a cikin kuɗin biza, wadda take ɗaukar jinyar gaggawa. Wato ya sayar musu da abin da suka riga suka biya, kuma na jabu. Ita kuma ta gaskiyar ba ta amfane su ba, don wanda yake ɓuya ba ya kai kansa asibiti. Katin inshorar lafiyarmu na nan gida kuwa ba ya aiki a wajen Gana, kada wani ya ruɗe ku da shi.

Na san abin da wasu za su ce: ai wane da wance sun bi ta haka sun dawo da Hajjinsu. To ku tuna Hajjin 2024. Zafi ya kai maki 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu marasa izini ne, mutanen da suka yi ta tafiyar ƙasa cikin rana babu tanti babu mota. Daga Makka zuwa Arfa kusan kilomita 20 ne. Katin Nusuk da ake rataya wa alhaji a wuya shi ne yake buɗe masa tanti a Mina, da mota, da shiga wuraren ibada. Wanda ba shi da shi yana gefen titi. Da goggo ta kai ranar Arfa a halin da take ciki, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru.

Ba ta kai ba. Saura kwana kaɗan jami'ai suka shigo gidan, aka kwashe su, aka ɗauki hoton yatsunsu, bayan kwanaki a wurin tsare baƙi aka sako su a jirgi. Yaron da ke riƙe da fasfo ya yi layar zana tun kafin a zo. Shi kuma oga wayarsa a kashe, ofis a garƙame, mai gidan da ofishin yake ya ce shi ma yana bin sa kuɗin haya.

Hajji daga Gana hanyarsa ɗaya ce, ta ofishin alhazai na ƙasa da wakilan da ya amince da su, jirage kuma suna tashi daga Tamale da Akra. Kafin ka ba wani ko sidi ɗaya, nemi sunansa a jerin wakilan. Ka biya ta banki da sunan kamfani, rasit ya fito da kalmar Hajji ɓaro-ɓaro. In biza ta fito, a ba wanda ya iya karatu ya duba wace iri ce, domin a rubuce take a jiki. Allurar sanƙarau da katin allurar ciwon shawara dole ne, kuma a asibiti ake yin su; wanda ya ce zai kawo maka kati har gida ba tare da an tsira maka allura ba, da ranka yake wasa. Fasfo ya zauna a jikin mai shi. Mai shan magani ya tafi da wanda zai ishe shi har ya dawo, da takardar likita.

Ina roƙon limamanmu da sarakunan zango da magajiyoyi su faɗi wannan a masallatai da wuraren suna da biki, domin iyayenmu mata da ake farauta ba su karanta irin wannan rubutu. Wanda aka damfara ta waya ko ta intanet ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa da shi. Kada ku goge saƙonnin MoMo da na murya, su ne shaidarku. Mu huɗu ne kawai muka kai ƙara cikin goma sha ɗaya, sauran kunya ta hana su, shi ya sa ya samu bakin sake fitowa.

Goggo ta koma bakin tukunyarta. Masu saye suna ce mata "Hajiya, a zuba mini da ƙwai", ta zuba, ba ta ɗaga kai. Shekarunta 64, an ce sai bayan 10 za ta iya komawa.